Jirgin Baba Tsoho mai buɗaɗɗiyar ƙofa

Kakana na wajen uba ya je yaƙin Boma ya dawo, amma bai harbi kowa ba, bai kuma taɓa yin ƙaryar ya harba ba. In samarin unguwa suka zagaye shi a dakalin ƙofar gida suna zuga shi, "Baba Soja, mutum nawa ka kwantar?", sai ya dafa tsakiyar kansa, wajen da gashi ya daina fitowa tun yana saurayi, ya ce, "Ni nan Bature ya ɗauka aiki." Ɗan dako ne a soja. Adda aka ba shi da gammo. Mu jikoki Baba Tsoho muke ce masa, Iya tana ce masa Malam, magina kuwa Gwani suke kiransa. Wannan na ƙarshen ya fi so, ko da yake in an faɗa sai ya ɓata rai ya ce gwani ɗaya aka yi a Zazzau, kuma ya daɗe a ƙasa.

A 1943 aka ɗauke shi, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru. Yadda abin yake a lokacin, Turawa kan faɗa wa sarki yawan mutanen da suke so, sarki ya sauke wa hakimai, hakimai su sauke wa dagatai da masu unguwanni, daga nan sai abin ya faɗo a gidan talaka. Akwai waɗanda suka kai kansu da kansu saboda sule ɗaya a rana da kaki, wannan ba a musu. Amma a gidansu Baba Tsoho yayansa aka nuna, shi kuwa ko lallen aurensa bai gama gogewa ba. Sai ƙanen ya ce shi ba shi da mata, ba shi da ɗa, a bar Yaya. Da ƙafa ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni, ya miƙa kansa a barikin horar da kurata. Iya takan ce uwarsa ba ta sake sa kwalli a idonta ba sai ranar da ya dawo.

An sa shi a runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa 'yan Najeriya da mutanen Gwalkwas, wato Ghana ta yau. 'Yar'uwarta ta 81 ta riga ta tafiya tun 1943. Su sai 1944 suka shiga jirgin ruwa zuwa Indiya, a ƙarshen shekarar suka shiga Arakan, a yammacin Boma. Kusan mutum 90,000 Ingila ta kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa wancan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Arakan ƙasa ce ta duwatsu da dajin gora da ƙoramu marasa iyaka, mota ba ta da hanya, wani wurin ko alfadari sai ya tirje. Sai Turawa suka kafa rukunoni na musamman na masu ɗaukar kaya a ka: akwatunan harsashi, kayan rediyo, abinci, da waɗanda aka jikkata. Ba su ma ɓoye ba, tambarin runduna ta 82 gammo ne da mashi biyu a gicciye a cikinsa. Na 81 baƙin gizo-gizo ne. Na taɓa riƙe na Baba Tsoho a hannuna, ɗan ƙyalle ne da ya koɗe, yana cikin adakarsa tare da littafin sallama da lambar tauraron Boma mai tsini shida.

Ba mai yawan labarin yaƙi ba ne. Akwai tsofaffin soja a Tudun Wada da in suka fara sai ka rantse su kaɗai suka kori Japan, har da masu cewa harsashi ruwa yake zama a jikinsu saboda layar da suka tafi da ita. In ya ji sai ya murmusa ya ce, "Allah ya sa haka aka yi." Ni albarkacin wasan jika da kaka na ci. Ni ce amaryarsa, Iya kullum kishiya take ce mini, to amarya tana da ikon tambayar abin da 'ya'yan cikinsa ba su isa su tambaya ba. Da haka na tsinci ɗan abin da na sani. Matsattsaku da ke shiga ta ramin igiyar takalmi, ba ka ji ba ba ka gani ba, sai da yamma ka cire ka ga safa sharkaf da jini, a barbaɗa musu gishiri ko a ɗosana musu wutar sigari kafin su saki. Ƙwayar maganin zazzaɓi mai ruwan ɗorawa, wadda saje ke tsayawa a kanka sai ya ga ka haɗiye. Da ruwan sama mai kwana ya wuni, har fatar tsakanin yatsun ƙafa ta fara saɓulewa.

Amma abin da ya fi dawowa bakinsa jirgi ne. Abincinsu daga sama yake zuwa. Za a sami fili a bakin ƙorama ko a gonar shinkafa da aka girbe, a shimfiɗa ƙyallaye don matuƙi ya gani, sai Dakota ta taho ƙasa-ƙasa tana zagaye, ƙofar gefenta a buɗe, ana hango mutane a ciki suna turo kaya da ƙafa. Harsashi da magani da gwangwanaye da laima suke saukowa. Shinkafa kuwa haka ake wurgo ta ba laima, buhu cikin buhu, don in na ciki ya fashe na waje ya tare. Aikin su Baba Tsoho ne su ruga su kwashe kafin abokan gaba su ankara. Ya ce wani yaro ɗan ƙasar Katsina da suke kwana wuri ɗaya ya yi gaggawar shiga fili jirgi bai gama zagaye ba, buhu ya same shi a wuya. Nan aka binne shi. Da daddare aka dafa shinkafar, shi ma ya ci, ya ce yunwa ba ta san makoki ba. Muna ɓarar gyaɗa ya ba ni wannan labari, bai ɗago kai ba har ya gama, bai kuma sake maimaitawa ba. Irin waɗannan da aka bari a daji ba kabari sananne, sunayensu na rubuce a ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000.

Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, su kuwa ba su ga gida ba sai 1946. Kuɗin sallamar da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Abokansa da yawa keke suka saya, wasu suka shiga ɗan doka ko masinja a En'e tunda sun iya fareti da ɗan Turancin bariki. Shi ya koma wajen kawunsa magini inda ya baro aiki, ya auri Iya da abin da ya rage.

Gini a Zazzau ba ƙaramar sana'a ba ce. Garin Babban Gwani ne, Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarim, masallacin nan da wani sashensa ya rufta kan masallata a Agustan 2023. Baba Tsoho ya koyi komai na tsohon gini: cuɗa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, mulmula tubali a shanya, jera shi tsini sama, ɗaura azarar giginya wadda gara ba ta ci, tayar da bakan gizo, fitar da zankwaye a saman soro. Ya san haɗin laso, katsi daga marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara. Ya san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe bango ya yi duhu ya riƙa tsane ruwa. Amma magina da yawa sun san wannan. Inda ya yi fice shi ne fuskar zaure. Bayan yaƙi kuɗin gyaɗa da auduga sun shigo hannun 'yan kasuwa, kowa yana so mai wucewa ya san gidan wane ne wannan tun daga nesa. Attajiri ya ce a sa masa keke ko agogo ko mota, malami ya ce allo, mai sarauta ya ce takobi, a kewaye duka da dagi da irin askar da ake yi wa babbar riga.

Lokacin da na yi wayo, a shekarun 1980, aikin laka ya ja baya, siminti ya karɓe gari. Ranar da ba makaranta ni ake aika in kai masa fura wajen aiki. Zan same shi a kan tsani, birkila ya gama shafe fuskar zaure, lebura ya kife kwanon sarki ya zauna a kai. Sai ya dangwala babban yatsa a simintin. In ya fito da danshi ya ce a jira. In ya bar gurbi bai manne ba, lokaci ya yi. Ba ya zana komai a takarda. Doguwar ƙusa ce a hannunsa da wani cokalin cin abinci da gefensa ya cinye. Da ƙusa yake jan layi, da cokali yake kwashe abin da ke tsakanin layuka har zanen ya taso. Dagi daga tsakiya yake fara shi, layi ya bi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɓullo ta sama ya zagayo, ba ya ɗaga hannu sai ya dawo inda ya faro. Duk wannan dole ya ƙare kafin siminti ya taurare ya ƙi ƙusa, saboda haka ba ya magana, sallama ma da ka yake amsawa. Furar sai ta tsinke tana jira. In ya sauko ya wanke hannu, sai ya ce, "Amarya, yau ma kin shanye rabi a hanya ko?" Ya kafa kai ya sha, sannan ya fara mitar siminti. Ya ce laka tana jiran mutum, ka yi kuskure ka jiƙa ka gyara, shi kuwa wannan abin Bature kullum cikin sauri yake. Fentin kanti ma bai yarda da shi ba, musamman koren nan mai ƙyalli da alhazai ke so, amma yana shafawa tunda mai gida ne ke biya.

Da aka fara tafiya Makka a jirgin sama daga Kano, sai ya zama duk wanda ya sauke farali yana son jirgi a ƙofar gidansa. Magina da yawa sun yi, wasu nasu sai ka ce kifi aka sa wa fiffike. Na Baba Tsoho ba ya ɓacewa. Farfela biyu, hanci a ɗage, wutsiya a ƙasa, sannan ƙofa a gefe can wajen baya, a buɗe, ya kwashe simintin wajen ya yi zurfi ya shafa baƙi. A ƙarƙashin ƙofar yakan sa wasu 'yan dunƙule uku ko huɗu suna gangarowa, mutane suna ɗauka ado ne ko gajimare. Ina nan tsaye da ƙwarya wata rana wani Alhaji mai sayar da yadi ya fito ya duba aikin da aka yi masa, ya ce, "Gwani, ka bar ƙofa a buɗe, ai sai alhazai su zubo." Baba Tsoho yana goge cokali da gefen riga ya ce, "Alhaji, ni jirgin da na sani ke nan. In rufaffe kake so a kira maka wani." Alhajin ya yi dariya ya ce a bar shi haka, iska ta riƙa shiga.

Ni a ganina nan ya zuba labarin da bai iya bayarwa da baki ba, a bangon mutanen da ba su san me aka zana musu ba, suna murna an yi musu jirgin Makka. Bindiga ce kaɗai ba ya zanawa, alhali tana cikin abin da ake yayi, maharba da tsofaffin soja suna nema. Ko nawa za a ba shi sai ya ce hannunsa bai iya ba.

A gida ba mai sauƙi ba ne, kada in mayar da shi waliyyi. Kafin kiran assalatu ya tashi kowa, takalma a jere a bakin ƙofa, buta a cike, kuma bulalarsa ba ta rataye don ado. Babana har ya tsufa in ya ji an yi gyaran murya irin tasa sai ya gyara zama. Ba a zubar da abinci a gidan. In ya ga ƙwayar shinkafa a tsakar gida sai ya tsaya a kanta ya kira wanda ya ci a wajen. Ruwan farko na damina yakan hana shi barci, Iya ta ce sai ya tashi ya zauna a bakin gado yana lalube kamar mai neman wani abu, shi ya sa har ya bar duniya bai yarda an yi wa ɗakinsa rufin kwano ba, ga shi duk gidan an yi.

Yayan nan da ya tsaya wa bai yi tsawon rai ba, ya rasu ya bar 'ya'ya ƙanana, Baba Tsoho ya kwaso su duka. Naman layya shi yake rabawa da hannunsa, kuma daga marayun yake farawa, haka ɗinkin salla. Iya ta taɓa kasa haƙuri ta ce, "Malam, naka fa?" Ya ce, "Nawa suna da ni." Ya sa 'ya'yansa mata a boko lokacin da ake zunɗen mai yin haka a cikin birni, kuma dalilinsa ba wani dogon wa'azi ba ne. A Boma sai ya roƙi wani ya rubuta masa wasiƙa, in ta iso gida kuma sai an ɗauka an kai zauren wani ya karanta, kafin uwarsa ta ji abin da ke ciki rabin unguwa sun ji. Ya ce ba za a sake karanta wa gidansa wasiƙa a waje ba.

Babban abin da ya taɓa shiga tsakaninsa da ɗansa shi ne yaƙin basasa. Da ya ɓarke a Yulin 1967 aka yi ta kiran tsofaffin soja su dawo, abokansa da yawa suka koma. Shi ya ce ya ɗauki nasa kayan ya sauke. Sai Baffa, ɗan farinsa, ya je ya ba da sunansa ba da sanin kowa ba. Shi Baffan ne ya ba ni labarin ranar da ya zo sallama cikin kaki, ya durƙusa a zaure.

"Baba, na zo sallama."

Shiru. Can ya ce, "Wa ya nuna gidan nan?"

"Ba kowa, Baba."

"To mu nuna mu aka yi."

Ya tashi ya shige ciki, bai sa masa albarka a gaban mutane ba. Da asuba Iya ta miƙa wa Baffa ƙulli, ta ce in ji babanka: gishiri ne da safa biyu, da saƙon cewa ko me ake ciki kada ya kwana da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Baffa ya dawo a 1970 da ɗingishi. Uban da kansa ya gina masa ɗaki na laka a cikin gida, ya yi masa dagi a saman ƙofa. Bayan sallar isha'i sukan zauna su biyu a dakali, rediyo a tsakaninsu, ba mai cewa uffan, kuma duk gidan an san ba a zuwa wajen a lokacin.

Sunayen wuraren da su Baba Tsoho suka taka suna nan a ƙofar barikokinmu, muna wucewa kullum. Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan da Tamandu da Myohaung a Legas. Myohaung ɗin nan tsohon birnin sarautar Arakan ne, a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe shi. Na Zariya kuma Chindit, sunan dakarun Janar Wingate da aka jefa bayan layin Japan a 1944, cikinsu har da bataliya uku ta Najeriya. Tambayi ɗan acaɓa ya kai ka Dalet zai kai ka ido rufe, tambaye shi mene ne Dalet ka ji. Ranar 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, Baba Tsoho ya je wasu shekaru da lambarsa a ƙirji, har wata shekara da aka shanya su a rana ana jiran babban baƙo, tsofaffi suna jingina da juna. Ya dawo ya mayar da lambar adaka, bai sake zuwa ba.

Da aka sauya wa ƙasar suna zuwa Myanmar a 1989 ya ce su suka sani, shi Boma ya je. Yakan ce ya tarar da Musulmi a can, talakawa masu noman shinkafa, ba ya jin yarensu ba sa jin nasa, amma da ya yi sallama suka amsa, har wani tsoho ya ba shi tabarma ya yi salla. A 2017, da sojan ƙasar suka kori Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh, na ji ana ambaton Buthidaung a labarai, garin da rundunarsu ta shiga a Disamban 1944. Na kira Baffa a waya na ce, "Baffa, ka ji garin su Baba Tsoho?" Ya ce ya ji, gara da tsohon bai kai yau ba.

Ya rasu a 2004, da rani, bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Iya da ta bi shi ba da daɗewa ba, ya sa sun huta.

Aikinsa ya riga shi fara tafiya. Bangon laka yana son yaɓe duk bayan 'yan shekaru, in maigida ya mutu magada suka raba gida ba mai ɗaukar wannan nauyi. Na siminti kuma ruwa kan shiga bayansa ya ɓamɓare shi falle-falle. Sauran an fasa zaurukan an fitar da shaguna, an manna tayil. Ba na ganin laifin mai neman kuɗin haya, amma ina jin haushin yadda Turawa da ɗaliban jami'a suka yi ta zuwa ɗaukar hoton gidajen nan suna tambayar sunan mai gida, ba mai tambayar wa ya hau tsani. Gidan Alhaji mai yadi shi ne na ƙarshe da na sani da jirginsa a tsaye, bana aka rushe shi, sai bayan an kwashe ƙasa labari ya iso mini.

Yanzu ni da 'yar Baffa muna bin dangi da tsofaffin maƙwabta muna duba hotunan biki da na suna, tunda a ƙofar gida aka saba ɗauka. Mun sami ɗaya na wani ɗaurin aure, wutsiyar jirgin ta leƙo ta bayan hular ango, ƙofar kuwa rawanin waliyyi ya rufe ta. Duk wanda gidansu ke cikin birni ko Tudun Wada kuma yana da tsofaffin hotuna, don Allah ya duba bangon da ke bayan mutanen. In ya ga jirgi mai farfela biyu da baƙar ƙofa a gefe, ya ɗauka da waya ya turo mini, ko da rabinsa ne ya fito.